Wainar Sadaka a Dutsen Zamiya

Ki rubuta yadda na faɗa, 'yata, tunda ni ban iya ba. In kuka ya zo min ki dakata kawai, ba sai kin ba ni haƙuri ba.

Shekara shida muka yi ni da Malam a gidan ɗanmu likita a garin Beltsville, can ƙasar waje. Duk shekara in sanyi ya shigo, ranar da aka buɗe dutsen da ake wasan zamiya a kan ƙanƙara, sai jikoki sun ja shi can. Shi ba ya zamiya. Benci yake samu kusa da inda ake hawa kujerun nan masu tafiya a kan igiya, ya buɗe filas ɗin shayi, duk wanda ya faɗi ya yi masa dariya. Ma'aikatan wurin sun san shi da jar dara a kan hular sanyi. Ba Turanci tsakaninsu, sai gaisuwar hannu da kofin shayi.

Lokacin zafi Malam ya rasu. Na fita takaba saura kwana uku a buɗe dutsen, sai na jiƙa shinkafa.

Likita ya leƙo kicin. "Hajiya, wainar me kuma? Ai an yi sadaka a masallaci."

"Wannan ta dutse ce."

"Haba Hajiya. Bana ko ƙanƙara ba ta sauka ba, ta inji ce ake fesawa, ga cinkoso. Kuma mutanen nan ba sa karɓar abinci a hannun wanda ba su sani ba."

"Can ya zauna, can aka san fuskarsa. In ba za ka kai ni ba, nuna min tasha."

Ranar da aka buɗe, ya kai ni.

Gaskiyarsa ce. Dutsen duk busasshiyar ciyawa ne da taɓo, sai farin layi guda daga sama har ƙasa, kamar an shimfiɗa likkafani. Da na gan shi sai da na dafa mota. Jama'a kuwa sun yi dogon layi, kowa da sandunansa, ba masaka tsinke.

Na buɗe kula na fara miƙawa. Wannan ya yi murmushi ya wuce, wancan ya girgiza kai. Waina tana hucewa a hannuna, Likita ya ja baya yana duba waya. Can wani ƙaton ma'aikaci mai gemu ya zo yana magana.

"Hajiya, ya ce ba a talla a nan. Mu tafi."

"Talla? Gaya masa ta waye."

Na sa hannu a jaka na ciro jar darar, na ɗaga ta sama, hawaye na zuba, ban share ba.

Mutumin ya dubi hular, ya waiwaya ya dubi bencin. Ya yi tambaya a hankali, Likita ya amsa masa. Sai ya cire safar hannunsa a cikin sanyin nan, ya ɗauki waina ɗaya. Ya kira abokan aikinsa, su ma suka ɗauka. Da 'yan layi suka ga haka, hannaye suka fara miƙowa. Ban san me suke cewa ba, ni dai ina ta cewa Allah ya kai ladan kabarinsa.

Ɗaya ta rage a kula. Na miƙa wa Likita. A tsaye ya cinye ta, a gaban kowa.