Gwangwanin Fim na Mai Gyaran Keke

Ranar da aka buɗe gwangwanin, tun da asuba ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf amma ba ya barinsa ya yi aiki. Ruwa na ɗiga daga bakin kwanon rumfa, babu mai wucewa sai jefi-jefi. Ni kafinta ne, katako kuwa ba ya shiri da laima, saboda haka na ja ƙofar shagona na shiga na maƙwabcina mai gyaran keke, na zauna a bencin da na haɗa masa shekara talatin da suka wuce.

Duk layinmu Bari-Tukuna ake ce masa. Ka kawo keke ka ce sauri kake yi, sai ya ce bari tukuna, ya juya taya yana saurarenta kamar likita. Amma in ya gyara, ta gyaru. Ba ya zubar da komai. Tsohuwar sarƙa, guntun robar faci, noti mara abokin zama, kowanne da gwangwaninsa a kan kanta.

Tun muna da sauran ƙarfi wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar masa kyamara kyauta, irin ta da, mai cin fim. Daga ranar ba mu huta ba. Ya ɗauke ni ina fiƙe katako, ya ɗauki mai shayi, ya ɗauki motar da ta faɗa kwata. Ɗaukar yake so, ƙarar nan ta ƙyas. Wankewa kuwa, fim biyu ya taɓa kai wa mai hoto, sauran ya ce bari tukuna. Yana cikin bari tukuna wayar hannu ta zo, masu wankin hoto suka rufe ɗaya bayan ɗaya, na bakin kasuwa ya koma sayar da caja.

Matarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta son hoto ko kaɗan. Da ta ga ya rataya kyamara sai ta shige kicin ta turo ƙofa. Sau ɗaya tak ta yarda, ranar da suka tare a gidan da suka gina. Ta jawo kujera tsakar gida ta ce, "Ɗauki ka huta, ni ma in huta." Ya ƙarar da fim guda a kanta. Bai wanke ba. Shekara bakwai ke nan da rasuwarta.

A cikin yayyafin nan autarsa ta shigo, mai aikin jinya ce a asibiti, ta karkaɗe lema ta gaishe mu.

"Baba, jikarka ta sa ni a gaba. An ce su kawo hoton kakanninsu makaranta. Na ba ta naka, ta ce ina na kaka."

"Akwai na katin shaida."

"Wanda ruwa ya cinye? Ko hanci babu. Ni kaina, Baba, in na rufe ido, muryarta nake ji, fuskar ta fara guje mini."

Ya ajiye sifana. Ya taka benci ya sauko da wani gwangwanin madara da ya yi tsatsa, ya ɓalle murfin da sukundireba. Fim goma sha ɗaya ne a ciki, babu rubutu a jikin ko ɗaya.

"Tana ciki," in ji shi. "Wanne ne dai ban sani ba."

Auta ta ce ta samo wani kamfani a birni mai nisa, ana aika musu ta gidan waya, su wanke su dawo da hotuna, har tsohon kaset ɗin bidiyo suna juyewa a kalla a waya. Ta zo ma da kaset ɗin bikin yayanta.

"In ba wa mutanen da ban taɓa gani ba uwarki a ambulan?"

Na ce, "Shekara ashirin tana gwangwani tare da kyankyaso, ba ka ji tausayinta ba sai yau?"

Ya harare ni, amma bai ce bari tukuna ba.

Kwana biyu muka yi muna shiri. Na haɗa masa ɗan akwati na falanki, ya naɗe kowane fim da guntun roba kamar ƙwai. Auta ta cika fom. Shi kuma ya dage sai an sa wasiƙa, ya faɗa na rubuta, da yake hannuna ya fi nasa ɗan dama. Abin da ya ce ke nan: "Ina gaisuwa. A cikin waɗannan akwai wata mata a kan kujera a tsakar gida. Matata ce, ta rasu, ba mu da wani hotonta. A bi a hankali."

Ma'aikacin gidan waya ya ɗora akwatin a sikeli ya dube mu.

"Baba, fim ne ko injin niƙa?"

"Kai dai rubuta kada a jefa."

Mako uku yana zuwa gidan waya kullum bayan azahar, har ma'aikacin da ya hango shi yake girgiza kai daga nesa don ya rage masa tafiya. A mako na huɗu wayarsa ta yi ƙara muna zaune. Hannunsa duk baƙin mai, sai ni na danna na buɗe murya.

Wata mata ce daga kamfanin, mai sanyin magana.

"Baba, ni ke wanke fim ɗinka. Ina da tambaya. In ka gama ɗauka, ka nannaɗe fim, yaya kake yi da harshensa, ɗan bakin nan da ke leƙowa?"

"Ina barinsa a waje, 'yata. In ya shige ciki, da me za ku jawo?"

"Muna da abin jawowa, Baba. To sai ka ajiye shi ina?"

"A gwangwanin fim."

"Sabo fa, wanda ba ka ɗauka ba?"

"A gwangwanin fim mana. Ai duk gidansu ɗaya."

Muka ji tana danne dariya. Sannan ta yi mana bayani dalla-dalla. Sabon fim da harshe a waje yake zuwa, shi ya sa ake tura na wanda aka gama ciki, don a bambanta. Mutumina kuwa hannu kawai yake zurawa ya ɗauko wanda ya samu. Bakwai daga ciki sau biyu ya ɗauke su, hoto a kan hoto. Biyu kuma ko sau ɗaya ba su shiga kyamara ba.

"Matar kan kujera fa?"

"Tana cikin bakwai ɗin, Baba. Ba zan yi maka alkawari ba, amma ban gama dubawa ba."

Ranar bai ƙara taɓa keke ba.

Da akwatin ya dawo, a gidansa muka buɗe, ni da shi da Auta da ƙanin marigayiyar, wani tela mai tumbi. Kaset ɗin biki aka fara kunnawa a waya. Minti shida aka ga ango, marigayiyar ta gifta sau ɗaya ta ba da baya, daga nan sai wasan ƙwallo har ƙarshe. Ashe angon da kansa ya ɗora ƙwallo a kai.

Sai hotuna. Na farko ni ne, da zarto a hannu, motar nan ta kwata ta shige mini ƙirji. Na biyu tela ne ranar da ya sha sabon ɗinki, tayar keke ta zauna daidai tumbinsa, wayoyinta sun bazu kamar da gangan aka auna.

"Suruki, ka ga ko kyamara ta san kana bukatar a rage maka iska," in ji Bari-Tukuna.

"Kai da ka ɗauki yayata ka haɗa da tarkace, har kana da bakin magana?"

Muka yi ta dariya har muka iso kan nata. Ga kujera, ga tsakar gida, ga zanenta mai ruwan ganye. Amma a kan kowane hoto tantabaru ne. Akwai shekarar da ya yi kiwonsu, ita kuwa ta tsane su saboda ɓata mata shanya da suke yi. Wata ta buɗe fiffike a kan fuskarta, wata ta tsaya mata a hanci.

"Da tana nan, da yau ka kwana a shago," in ji tela.

Auta ta yi dariya, amma tana ta juya hotunan tana kai su kusa da taga, ko za ta tsinci ido ɗaya. Talatin da wani abu ta duba. Ta tattara su ta daidaita bakinsu, ta ajiye a cinya.

Ni ne na ɗaga akwatin zan kaɗe shi, sai wata ƙaramar ambulan ta faɗo, da 'yar takarda a manne. Auta ta karanta: "Baba, karo na biyu ba ka kai ƙarshen fim ba. A can wutsiya akwai guda ɗaya da na'ura ta tsallake. Na ga wasiƙarka, shi ya sa na duba da hannu."

Hoto ɗaya ne, gefensa ya ɗan ƙone da haske. Ta miƙe daga kujera ke nan, ta ɗaga hannu tana cewa ya isa, tana dariya har wushiryarta ta fito. Babu tantabara ko ɗaya.

Tela ya cire hula ya mayar. Bari-Tukuna ya goge hannunsa a riga sau biyu kafin ya karɓa.

"Ai na faɗa muku tana ciki," in ji shi.

Washegari jikar ta kai hoton makaranta. Ta dawo ta ce malama ta ce tana kama da kakarta, abin da mu duka ba mu lura ba sai da aka faɗa. Auta ta sa kamfanin ya ƙara wanko guda shida, kowane ɗa ya samu nasa, ni na yi musu firam. Tela ma ya karɓi nasa mai taya ya liƙa a shago, wai yana jawo masa masu ɗinki.

Yanzu mutumina ya bar gyaran keke saboda ciwon gwiwa. Yana zaune a gidan Auta, ɗakinsa na kusa da ƙofa, hoton yana rataye a saman gadonsa. Duk ranar Asabar nake zuwa mu sha shayi.