Mai Fenti da Koriyar Mota

Ina zaune a gareji ina jiran a gyara mini birki, amma idona na kan mai fentin da ke rumfar gefe. Dattijo ne siriri, gemunsa fari fat, faratansa kowanne da launinsa. A bayansa gwangwanayen fenti ne a jere. Na fari da na toka da na baƙi sun kusa ƙarewa, ja da rawaya kuwa ko buɗe su ba a yi ba.

Ga wani dillali ya kawo mota koriya shar.

"Baba, a mai da ita ruwan toka. Yanzu duk duniya an daina yayin kore. Wata uku ke nan ko tayawa ba a yi ba."

"Toka kuma?" in ji dattijon. "Da can tun daga nesa iyali ke gane maigida ya dawo. Yanzu kowa sai ya duba lamba."

Bai ƙara musu ba, da aikin ake ci a gidansa. Yana shafa ƙofar motar kamar mai duba zazzaɓi, kuma na tabbata hannun nan ya yi suna wajen haɗa launi.

Yana rufe gilasai da fitilu da takarda. Da ya zo kan murfin tankin mai, sai ya buɗe, ya liƙe cikinsa tsaf don kada sabon fenti ya taɓa koren da ke wurin, ya mayar.

Dillali bai gani ba. Mai saye ma ba zai sani ba, sai ranar da ya tsaya shan mai.