Sunan da Dudu Ba Ta Faɗa

Dudu mai banda ba mace ce mai magana ba. Rumfarta na jikin tawa a bakin ruwan Yelwa, inda ake sauke kifi, kuma tun muna amare muke shan hayaƙi ɗaya. Ni Binta, kowa ya san bakina ba ya rufuwa. Ita kuwa sai ku wuni tare ba ta ce miki komai ba, in ban da "miƙo wuƙa".

A wata tunga ta ƙasar Ngaski aka haife ta, aure ya kawo ta Yelwa gidan Ɗangana masunci. Haihuwarta ta fari mace ce, aka sa mata Zuliha. To, a wajenmu akwai kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in an yaye shi kaka ke ɗauka. Da yawanmu mun sassauta, ni kam nawa har zaginsa nake da sunansa. Dudu ta riƙe abin gam. Uwar Ɗangana, wadda kowa ke ce wa Inna, ita ta goya yarinyar. Zuliha ta tashi tana kiran kakarta Inna, tana kiran uwarta Yaya. In Dudu na son aikenta sai ta ce "ke". In baƙo ya tambayi ɗiyar wa ce, sai ta ce ɗiyar Inna ce.

Wata damina iska ta kife jirgin Ɗangana a tsakiyar tafki. Inna ba ta jima ba ta bi ɗanta. Zuliha ta dawo ɗakin Dudu, amma kira bai sake ba. Ban ga hawayen Dudu ba ko sau ɗaya. Tana fita takaba ta hura wutarta, ta ci gaba da jera tarwaɗa a kan wayar banda.

Yarinyar nan ƙwallo ce a ranta. A kan yashin bakin ruwa ta koya, cikin maza, ba takalmi. Malam Nasiru, mai koyar da wasanni a makarantarsu, shi ya kai ta gasa Birnin Kebbi, daga can wasu suka gan ta. Mutane sun yi surutu har sun gaji. Dudu ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ni dai na gan ta wajen mai gwanjo tana gwada takalmin ƙwallo da tafin hannu, washegari yarinyar ta tsince shi a bakin ƙofa.

Sai ga kira daga Abuja: an sa Zuliha cikin waɗanda za a tace, a fitar da tawagar 'yan matan ƙasa, 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Malam Nasiru ya yi mana bayani a rumfa. Ƙasashen Afirka ne ke karawa, gida da waje, wadda aka doke ta koma gida, waɗanda suka saura su je gasar duniya. Ya ce bana ce kaɗai damarta, baɗi shekarunta sun wuce. Ta tafi, ta kuma tsallake tacewar. Saura abu ɗaya: wasan farko a wata ƙasa za a yi, kuma ba a fita da yarinya ƙarama sai mahaifi ya yarda.

Ranar kasuwa wayar Dudu ta yi ƙara. Hannunta duk ɓawon kifi, sai na ɗauka na buɗe murya kowa na ji. Ga masu saye tsaye, ga yayan Ɗangana da matarsa sun zo gaisuwa. Mace ce daga sansanin horon tawagar, Hausarta ta koyo ce.

"Ke ce mahaifiyar Zuliha Ɗangana?"

Dudu ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a. Ɗiyar Inna ce."

"To ba ni Innar."

"Ta rasu."

"Babanta fa?"

"Ya rasu."

Matar ta ce Allah ya jiƙansu, ta kashe. Wallahi babu wanda ya ga aibu a cikinmu. Matar yayan Ɗangana ma yabawa ta yi, ta ce su Dudu ne ragowar masu kunya.

Bayan la'asar sai ga Malam Nasiru a kan babur, ko hula babu. Ya ce, "Dudu, mi kika ce masu? An rubuta ba ta da waliyyi! Yau ake rufe sunaye, za su sa wata!"

Na ce, "Kai, su ba su san kunya ba ne a can?"

Ya ce, "Binta, bar wannan, a kira kawai."

Ya kira, matar ta ɗauka. Kafin nan kasuwa ta taru a kanmu. Ya kara wa Dudu wayar a baki. Ta dubi wuta, ta ce, "Ni na haife ta." Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Na ce shi ke nan, an gama.

Matar ta ce, "Ɗazu kin ce ba ke ba ce. Yara da yawa ne a nan, kuma ana ɗaukar murya. Ki faɗi sunanki, ki faɗi sunan yarinyar da bakinki, ki ce kin yarda."

Dudu ta faɗi sunanta. Ta tsaya.

Na ce, "Zuliha! Ki ce Zuliha mana!" Malam Nasiru ya faɗa, masu saye suka faɗa, har yayan mijinta ya ce, "Faɗi, Dudu, an yafe miki." Matar ta ce muryar uwa take so, ba ta kasuwa ba. Leɓen Dudu na motsi, babu abin da ke fita. Haushi ya kama ni har na girgiza kafaɗarta, sai na ji jikinta sanyi ƙalau a gaban wuta. Matar ta ce tana da sauran iyaye da za ta kira. Da muka sake nema ba ta ɗauka ba.

Ranar da tawagar ta tashi, Zuliha ta sauka a motar Kontagora da jakarta. Ta biyo ta rumfa ta durƙusa.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yauwa. Akwai tuwo a ɗaki."

Ta wuce. Dudu ta ci gaba da juya kifi, har wanda ta riga ta juya. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Binta, na faɗa fa. A ciki na faɗa."