Tsumma a Cikin Tanki

Mai Kunne ake ce masa a wurin fasa dutse, don ba ya taɓa inji sai ya tsaya ya saurare shi tukuna. Shekararsa ashirin da bakwai yana gyaran manyan motoci. Gajere ne mai furfura a gemu, faratansa baƙi ƙirin ko da ya fito daga wanka. Matarsa ta daɗe da haƙura da rigunansa. Abin da take yi masa kawai, in zaninta ya tsufa ta yayyanka, ta zuba masa a jaka ya riƙa goge hannu. Ba ya rantsuwa, ba ya fitowa daga ƙarƙashin mota sai an kira salla. Aibinsa guda ne: bakinsa ba ya iya furta "ban gano ba."

A wurin akwai loda, motar nan mai ƙaton cokali a gaba da ke ɗibar tsakuwa tana juye wa tifa. Direbanta Dogo sa'ansa ne, shekara guda suka shigo aikin. Kullum cikin tsiya suke. Dogo ya kira shi likita mai dauɗa, shi ya kira Dogo raƙumi a kan kujera.

Wata Litinin Mai Kunne ya canja wa lodar man da ke ɗaga cokalin, ya wanke tankin tas. Kwana biyu bayan nan cokali ya fara nawa. Da safe ya ɗaga lafiya, aiki na yin nisa sai ya tsaya a rabi yana karkarwa, famfon da ke tura man na kuka kamar akuya a hannun mahauci. Mai Kunne ya duba mai, cike yake, sai dai kumfa a kai. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da kwali, babu yoyo. Ya canja filta. Ya kwance bawul ya wanke da kananzir ya mayar. Duk a banza.

Rana ta huɗu manaja ya zo ya tarar da tifa shida a layi. Ya ce, "Baba, ta fi ƙarfinka ne? In kira wani?"

Maganar ta soke shi, bakinsa ya riga tunaninsa. "Ranka ya daɗe, hannun direba ne. In ana fizgar libar ɗaga cokali kamar ana jan guga a rijiya, dole famfo ya gaji."

Dogo na tsaye a jikin taya, ya yi dariya, a zatonsa tsiyar nan ce ta kullum. Manaja bai ɗauke ta haka ba. Kafin la'asar an karɓi makulli a hannun Dogo, an ce ya je ya huta sai an neme shi.

Aka ɗora wani direba, cokali ya ƙi. Sai a lokacin Mai Kunne ya tsiyaye man duka a duro, ya buɗe murfin tanki, ya zura hannu har kafaɗa. A jikin rariyar da mai ke bi zuwa famfo, yatsunsa suka taɓo wani abu mai laushi. Ya jawo. Tsumma ne shuɗi mai furen rawaya, guntun zanin da matarsa ta goyi autarsu da shi. Da shi ya goge cikin tankin ranar Litinin, aka kira salla ya bar shi a ciki, ya dawo ya rufe murfi a kai.

Ya waiga, babu kowa. Ya cusa a aljihu.

Loda ta tashi kamar sabuwa, 'yan tifa na ta "Baba, sai kai!" Manaja ya tambaye shi me ya samu, ya ce datti ne. Ai ba ƙarya ba ce, haka ya yi ta gaya wa zuciyarsa. Amma kwana uku in ya tayar da salla sai ya rasa raka'a ta nawa yake, abinci kuma ya tsakura ya ture. Ba wanda ya ƙara ambaton Dogo.

Matarsa ce ta lalubo tsumman tana shirin wanki.

"Malam, wannan ai zanina ne. Me ya jiƙa shi haka, ka kuma adana kamar wasiƙa?"

Ya gaya mata, idonsa a kan bahon wanki. Ta ce, "Jiya na ga matar Dogo. Ta ce ko ƙofar gida ya daina fitowa." Ta sa tsumman a leda ta miƙa masa. "Wannan ba ni zan wanke shi ba."

Da safe ya ajiye ledar a kan teburin manaja, ya faɗi komai a tsaye. Manaja ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya ce Dogo ya dawo aiki gobe, kuma Mai Kunne ne zai kai saƙon da ƙafarsa.

Ya sami Dogo a tsakar gida kan benci, yana buɗe tafin hannunsa yana rufewa.

"A'a, likita! Zauna mana. Ka san sati guda ina duba hannun nan? Na ce ko tsufa ne, ko rawa yake ban sani ba. Tunda kai ka faɗa, ai ban yi musu ba."

Mai Kunne ya kasa zama a bencin. Ya durƙusa a gefe ya ba da labari tun daga Litinin, bai tsallake aljihun ba. Dogo ya saurara har ƙarshe. Ya kira matarsa ta kawo wa baƙo ruwa, ya jira sai da ya sha.

"Gobe zan zo," in ji shi. "Tsumma kam na yafe, kowa na mantuwa. Maganar da ka yi a gabana ce, ita ka ɗan ba ni kwanaki."

Mai Kunne ya ce, "To." Ya ajiye kofin a hankali, ya nemi takalmansa.