Jiran Baba a Tashar Gagarawa

Jiya da yamma na wuce wata mata tana suyar gyaɗa cikin yashi a bakin titi. Ƙanshin ya bugo ni, sai na tsaya cak da kayan cefane a hannu. Ban saya ba, ban kuma wuce ba, har sai da hayaƙin ya sa ni ƙwalla. In ka taɓa jiran mutum ba ka san ko yana duniya ko ba ya nan ba, za ka gane abin da ya tsayar da ni.

A wani ɗan ƙauye kusa da Gagarawa aka haife ni. Gidaje biyar ne na Kirista a cikinsa, sauran duk Musulmi, rijiya ɗaya muke sha. Majami'armu ɗakin ƙasa ce mai rufin ciyawa, ƙararrawarmu kuwa guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a reshen ɗorawa. Mai bishara shi ke kaɗa ta, shi ke wa'azi, shi ne kuma mai karanta wa kowa wasiƙa.

Ina da shekara shida Baba ya tafi Kano cin rani, daga can ya shiga soja, aka tura shi yaƙin basasa. Ya bar mu mu uku a gida: ni, da Inna, da Kaka mahaifiyarsa. Wasiƙarsa biyu ta zo. A ta biyun ya ce a gaya mini in daina tsoron awaki. Daga nan shiru.

Ranar da aka ji a rediyon mai bishara cewa yaƙi ya ƙare, Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Ta sake daɓe ɗaki, ta wanke rigunan Baba ta shanya. Ba a daɗe ba sojoji suka fara zuwa hutu, kowa da akwatinsa na ƙarfe, wasu har da keke. Na ƙauyen gabas ya dawo. Na gidan maƙera ya dawo da hannu a naɗe. Kowanne sai Inna ta je ta tambaye shi, kowanne sai ya sunkuyar da kai ya ce bataliyarsu ba ɗaya ba ce.

A lokacin ne Kaka ta fara sayar da gyaɗa a tashar jirgin ƙasa. Tsohuwar da ba ta taɓa talla ba a rayuwarta, sai ga ta tana tashi tun da sassafe tana suya, ta ɗora faranti a kai mu kama hanya. Kowa ya san ba ciniki ya kai ta ba, amma babu wanda ya faɗa. Takan zauna a inuwar wani darbejiya daidai inda take ganin kowace ƙofa ta jirgin da ke zuwa daga Kano. Kusa da ita akwai wata Bafulatana mai fura, sa'arta. Kullum in mun iso sai ta ce, "Allah ya bayyana shi yau." Kaka ta ce, "Amin, ƙawata."

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da ƙarar jirgin nan ke yi mini ba. Tun yana nesa, kafin a hango hayaƙinsa, sai in miƙe tsaye. Abin da ya fi damuna shi ne na fara manta fuskar Baba. Ina tsoron ya sauko ya wuce ta gabana ban gane shi ba, ko in ruga in rungume uban wasu. Duk mai kaki sai na ƙura masa ido har ya tsargu. In jirgi ya ja ya nufi Nguru, tasha ta watse, sai Kaka ta rufe farantinta da faifai ta ce, "Tashi mu je. Ba na yau ba ne."

Haka damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, aka shiga rani. A majami'a kowace Lahadi ana sa Baba cikin addu'a. Da farko mutane suna amsa amin da ƙarfi. A hankali na lura amin ɗin yana raguwa, wasu ma sukan saci kallon Inna da ido irin na tausayi.

A bazara ta biyu Inna ta daina zuwa sujada. In an kaɗa ƙarfe sai ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Mai bishara ya zo gida ya zauna a kan turmi, ya yi ta ba ta misalin bayin Allah na dā da suka jira shekara da shekaru. Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, su an yi musu alkawari. Ni wa ya yi mini? Shekara biyu ina kira, ko tari ban ji ba." Na ɗauka zai yi mata faɗa. Sai ya juya hularsa a hannu ya ce, "Ni ma ban san dalili ba." Wannan magana ta fi komai tsorata ni. In mai bishara bai sani ba, to wa ya sani?

Ana cikin haka Kawu, yayan Inna, ya zo daga wajen Gumel. Ya gaida Kaka da ladabi, ya ce danginsu sun ga zaman ya isa haka, a yi makoki, ƙanwarsa ta koma gida da 'yarta. Ina bayan rumbu ina jin su. In aka yi makoki, Baba ya mutu ke nan. In muka tafi kuma, ya dawo ya tarar ba mu nan fa? Daga baya Kaka ta ce, "Ban hana ku ba, ɗana. Ku ara mini su zuwa girbi." Kawu ya yarda.

Tun daga ranar nake ƙirga girman gero a gona kamar mai ƙirga kwanakin hukunci. Kowa yana murnar ruwa, ni kuwa ba na son ganin gero yana ƙara tsawo.

Wata rana muna dawowa daga tasha, rana tsaka, Kaka ta sauke faranti a gindin wata tsamiya. Na ɗauka hutawa za ta yi. Sai ta durƙusa a kan yashi mai zafi, ba ta ko rufe ido ba, ta fara magana kamar mai faɗa da maƙwabci. "Ubangiji, na gaji. Ƙafata ta gaji, bakina ya gaji. Kullum ina ce wa yarinyar nan kana ji, yau ni kaina ban sani ba. Na daina ce maka ka dawo da shi. In yana raye ka nuna mini, in ka ɗauke shi ka faɗa mini. Kada ka bar ni a tsakiya." Ta tashi ta kakkaɓe zaninta. Ta dube ni ta ce, "Kin ji abin da na ce?" Na ce na ji. Ta ce, "To, shi ma ya ji." Amma muryarta ba ta da ƙarfin da na saba ji.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Gero ya fitar da kai.

Ranar da abin ya faru, wani dogon mutum ya sauko daga jirgi yana ɗingishi, ba kaki a jikinsa. Ya tambayi ma'aikacin tasha hanyar ƙauyenmu. Bafulatanar ce ta ji, ta taɓa Kaka. Mutumin ya zo ya durƙusa ya gaishe ta da wata irin Hausa ta mutanen kudancin Zariya. Ya ciro ɗan ƙaramin littafin waƙoƙin sujada na Baba daga aljihu, bangonsa ya yage, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce tare suke da Baba. Ya ce Baba ya rasu saura kaɗan yaƙi ya ƙare, shi ya riƙe masa kai, kuma yana wurin aka binne shi. Takardar sanarwa ta tafi adireshin da Baba ya bayar a Kano, inda babu wanda ya san mu. Shi kuma ya daɗe kwance a asibiti, sai yanzu ya iya tafiya.

Baba ɗan fari ne, don haka ban taɓa jin sunansa a bakin Kaka ba. Ranar, a tsakiyar tasha, ta kira shi sau uku da ƙarfi. Bafulatanar ta riƙe ta, su biyu suna kuka. Da Kaka ta natsu sai ta ce wa baƙon, "Taso mu je gida, ba ka ci komai ba."

Aka yi makoki. Maƙwabtanmu Musulmi suka cika gidan, har limamin ƙauye ya zo gaisuwa. Lahadin da ta biyo baya Inna ta shiga majami'a ta zauna can baya, ba ta yi waƙa ba. Ta daɗe kafin ta sake yi. Bayan girbi ta bi Kawu, amma da bakinta ta ce in zauna wajen Kaka har in gama makaranta.

Na girma kafin na iya tambayar Kaka ko ta yi fushi da Allah a shekarun nan. Ta yi dariya ta ce, "Sosai ma. To amma wa zan kai wa ƙararsa in ba shi ba?"

Yau na girme shekarun da Kaka take da su a lokacin. Duniya ta canza, kowa da waya a hannu, labarin da ya ɗauki shekara biyu kafin ya iso mu yanzu kafin ka sha ruwa ya zo. Sai dai ban ga jira ya yi mana sauƙi ba. Ɗiyata tana aiki a Kano, in na kira ta sau biyu ba ta ɗauka ba, sai in kasa zaune in kasa tsaye. Jikokina suna yi mini dariya, suna cewa ina bangaskiyar da nake koya musu. Nakan ce musu ita ce wannan da kuke gani. Nakan shiga ɗaki in durƙusa, in faɗa wa Ubangiji duk abin da ke raina, har da wanda ba shi da daɗin ji. Sannan in tashi in ɗora tukunya.