Ranar da Muka Gaida Mutum-mutumi a Taloka

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da baffana ya raka ni Taloka neman aure.

A gidanmu na Wurno dundumi gado ne. Tun ina yaro, da rana ta yi sanyi sai idona ya fara hazo, haka ma baffa. Yarinyar da nake so kuwa 'yar dangi ce, kakanmu ɗaya da ita.

Tayar mashin ta yi faci a hanya, ba mu isa ba sai dab da magariba. Aka ce mahaifinta yana fadama wajen shinkafa. Muna zuwa muka hangi mutum tsaye da riga da malfa, muka tuɓe takalma muka durƙusa.

Baffa ya ce, "Ina wuni? Ina aiki?"

Shiru. Ya raɗa mini, "Hushi yaka yi, mun yi latti. Ƙara duƙawa."

Na ƙara duƙawa har gwiwata ta nutse a laka. Baffa ya ba da haƙuri, ya yabi halina, ya faɗi abin da ya kawo mu. Iska ta kaɗa hannun rigar, ya ce, "Ka gani, ya hwara saukowa."

Can gefe sai muka ji muryar mahaifinta yana yi wa wani faɗa: "Kai wane na? Mi kaka nema cikin shinkafata?"

Yarinyar ce ta iso, dariya ta hana ta tsayuwa. Ta ce, "Baba, mutum-mutumin da ka kafa da hannunka na. Ga baƙinka can suna gaida ɗayan."

Muka yi dariya har da hawaye. Daga baya baffa ya ce, "Mu ukku, ido guda. Abin ga ya kamata a tambaya."

Muka je wurin likitan ido a Sakkwato. Ya ce ciwon yana cikin ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye, kuma in miji da mata duk suna ɗauke da shi, 'ya'ya sun fi shiga haɗari. Muka haƙura da juna, ba don muna so ba. Ta yi aure a Goronyo, ni na auro daga Rabah, har yau muna zumunci.

Abin da na koya shi ne, kafin aure a bincika lafiyar dangi kamar yadda ake bincika hali. Kuma kafin ka durƙusa wa mutum, bari ya amsa sallama tukuna.