Garba da Tankin Ruwan da Ya Ci Tsere

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai abokina Garba makwancinsa a Zariya, amma har yau in na ji kukan motocin tsere a talabijin, shi ne yake fara faɗo mini a rai.

A Landan muka haɗu, lokacin da kuɗin mai ya buɗe wa 'yan Arewa ƙofar karatu a waje. Ni an turo ni karatun lauya, shi kuma injiniyan mota, muka kama hayar gida ɗaya a unguwar Catford. Ranar Lahadi abokanmu suna can suna zaga kantuna, shi kuwa sai ya ja ni filin tsere a Kent, mu tsaya jikin shingen waya cikin yayyafi. Ni ƙara da hayaƙi kawai na sani. Shi daga sautin inji yake gane direban da ya tsorata da kwana da wanda ya shige ta da zuciya ɗaya.

Musunmu guda ne, kuma bai taɓa ƙarewa ba. Nakan ce duk abin da doka ba ta hana ba halal ne. Sai ya ce, "Lauya, wannan a kotu ne. A tsere so ake a ga wa ya fi wani tuƙi."

Da ya kammala karatu, wani ƙaramin kamfanin tsere ya ɗauke shi gwaji. A nan Allah ya jarrabe shi da basirarsa. Doka ta ce a auna nauyin mota kafin a tashi, don kada wata ta fi saura gudu saboda rashin nauyi, ba ta ce komai a kan ruwa ba. Garba ya ƙera tanki, aka ce na sanyaya birki ne. Aka auna mota cike da ruwa, ana tashi ruwan ya tsiyaye, ta koma shafal. Direbansu, matashin da bai taɓa wuce tsakiya ba, ya zo na ɗaya.

Ina wurin. Wani dattijon direba da ya zo na biyu ya tako har rumfarsu, ya riƙe hannun matashin, ya ce yau an fi shi. Na juya in taya Garba murna, sai na ga idonsa ya kaɗa.

A jirgin ƙasa muna komawa ya ce, "Ba a fi mutumin nan ba, Lauya. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu mun ci zomo muna zaune."

Kamfanin ya yi masa tayin aiki na dindindin, har da gyara masa takardun zama a ƙasar, ga ƙofar babban tsere na duniya a buɗe. Na yi masa magiya ya karɓa har muryata ta dushe. Ya tattara kayansa ya koma gida Zariya, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a kwalejin fasaha.

Yanzu jikokina da aka haifa a nan Landan suna kallon tseren da ni, ina yi musu Hausa suna ba ni amsa da Turanci. Sai a gama gudu, a ɗaga kofi, daga baya alƙalai su zauna a ɗaki su sauya sakamako saboda wata jimla a littafin doka. Da Garba na nan, na san dariya zai yi ya ce 'yan sana'ata sun karɓe sitiyari.

Har gobe ban gamsu cewa ya yi laifi da tankin nan ba. Dabara ma gwaninta ce, kuma da ita aka gina motocin da yake ƙauna. Sai dai hali zanen dutse, Garba ba ya iya jin daɗin yabon da ya san na wani ne. Bai bar kofi ba, ba a rubuta sunansa a jikin wata mota ba. Ya bar ɗalibai da suke cewa bai taɓa ƙara wa kowa maki ba, bai kuma taɓa rage wa kowa ba. Ni kuwa na tara sababbin hujjoji a shekarun nan, masu ƙarfi, ba ni da wanda zan kai wa su.

Allah ya jiƙanka, Garba, ya sa Aljanna ce makoma.